Masu ajiyar faifan garmaho ku ba ni shawara, zafi da ƙurar shago na neman kashe min kaya

Mai Burushi, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo, abin ya daɗe yana ci na. Ni mai zane ne, shagona yana wajen Fagge, aikina rubutun allon shaguna da bangon makarantu, zanen bayan gingimari da tifa in an samu, sai kuma hoton mutum da fenti wanda shi ne ainihin abin da raina yake so amma ba kullum ake kawowa ba. Tunda injin buga bana, wato allon talla na roba, ya cika gari aikinmu ya ja baya sosai, wanda da zai kawo maka allo ka yi kwana uku kana jan harafi yanzu awa ɗaya an buga masa ya naɗe abinsa ya tafi.

Toh ni kuma ina da wata ƙauna, faifan garmaho. Na gaje ta ne wajen mahaifina Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne Kano zuwa Legas, da ya rasu aka buɗe akwatin ƙarfensa aka samu faifai wajen talatin babu wanda ya kula da su sai ni. Daga nan na fara bi ina tsinta, wajen 'yan gwangwan, wajen masu gyaran rediyo a Sabon Gari, gidajen da aka yi rasuwa ana fitar da tarkace, yanzu ina da 214 na ƙirga jiya. Akwai na Shata da na Ɗan Maraya Jos, akwai Fela, akwai na finafinan Indiya, na Kwango, na Gana, da wasu na baƙaƙen Amurka.

Yadda ranata take tafiya kullum, bakwai da rabi na buɗe shago, na yayyafa ruwa na share, kafin maƙota su tada janareto nake sa faifan farko saboda lokacin ne unguwa take shiru kana jin komai har numfashin mawaƙin. Fuska ɗaya ta babban faifai wajen minti ashirin take yi, ni kuma da ita nake auna aiki, in na shafa farin farko a allo na san kafin allura ta kai tsakiya ya sha iska zan iya ɗora layi. In ta ƙare dole na ajiye burushi na goge hannu da kananzir na wanke da sabulu sannan na juya, wannan tashin shi ne hutun bayana da idona. In ina aikin harafi manya Shata nake sawa, kalangun nan yana daidaita min hannu wallahi, in kuma fuskar mutum nake zanawa sai kuntigin Ɗan Maraya saboda ba ya cika kunne. An kira sallah na ɗage allura. Su kansu kwalayen faifan makaranta ne a wajena, yawancin salon harafin da nake wa masu shaguna daga jikinsu na kwaikwayo, musamman zanen Lemi Ghariokwu da ya yi wa Fela kwali sama da ashirin, sai na yi rabin awa ina kallon yadda ya cusa mutane da rubutu a fili ɗaya kuma bai cakuɗe ba.

Ga matsalar. Rufin shagon kwano ne babu silin, a bazarar nan na buɗe akwatin na tarar guda bakwai sun lanƙwashe kamar kasko, ɗaya ma na babana ne, in na sa shi hannun allura hawa da sauka yake kamar kwalekwale. Na biyu ƙura, tun hunturu kusan duk wanda na sa sai ƙas ƙas kamar ana suyar gyaɗa. Na uku shi ne mai nauyin, wani mutum daga Legas ya ga hoton faifan da na sa ya biyo ni ta WhatsApp yana so ya zo ya zaɓi arba'in ya biya, kuɗin da ya ambata zai biya min hayar shago ta shekara har da ragowa, ga kuɗin makarantar yara ya taho. Maiɗakina ba ta ce komai ba amma na san ta ji wayar.

Wanda ya san kan abin nan ya taimaka, ya ake ajiye su a irin garinmu, lanƙwasasshe yana gyaruwa, kuma in ku ne za ku sayar?

Tsohon Mai Gyaran Rediyo, Kaduna:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekara sama da arba'in ina gyaran waɗannan na'urori tun ana kawo su sababbi a kwali, jikana ne yake rubuta min ina faɗa, toh ka saurara da kyau.

Farko dai akwatin ƙarfen nan shi ne maƙiyinka. Ƙarfe a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu a Kano da zafi ke haura digiri 40 a waje, ai tanda ka sa su. Kuma na tabbata kwance ka jera su ɗaya kan ɗaya, nauyin na sama ne yake danne na ƙasa ga zafi ya tausasa su, roba ce fa. A tsaye ake jera faifai kamar littattafai a kanta, kada su matse kada kuma su jingina su karkace. Ka samu kafinta ya buga maka akwaku na katako mai faɗin inci 13 saboda babban faifai inci 12 ne, ka ɗora a kan bulo kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara da danshin damina, gara tana son kwalin nan kamar me. In da hali ka kai su gida ɗakin da ya fi sanyi, kullum ka ɗauko biyar ko shida da za ka ji ranar ka mayar da yamma. Shagon fenti ba wajen ajiya ba ne, tina, ruwan sirka fenti, da fetur suna cin roba, in kuma kana feshi wannan hazon fentin yana sauka cikin layukan ya bushe, shi kam babu wankin da zai fitar da shi.

Wanki kuma, ruwan batir za ka saya wanda ba a sa masa asid ba, ka tambaya da kyau ka karanta jikin robar, ruwan rijiya ko na famfo yana barin gishiri a layi. Ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke na ruwa a cikin kofi, ƙyalle mai laushi marar gashi, ka bi layin a zagaye kada ka ratsa shi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka ɗauraye ka jingina a inuwa. Kada ka sake ka goge busasshiyar ƙura da hannun riga, ƙurar hunturu yashi ce, kana gogewa kana kankare waƙar.

Sannan ka duba cikin na babanka ko akwai masu nauyi masu kauri da aka rubuta 78 a jiki, wato sau 78 suke juyawa a minti ɗaya. Waɗannan ba roba ba ne, wani ƙaro ne, in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da shi don haka kada ka kusantar. Allurarsu ma daban ce ta fi kauri. Su ne na asalin garmaho da ake wanawa da hannu, wanda ake canja allurar ƙarfe duk bayan fuska ɗaya. Mai gudun 33 kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948, ƙaramin mai gudun 45 kuma RCA a 1949, mu dai duka garmaho muke ce musu.

Lanƙwasasshe, gaskiya zan faɗa maka, wani yana dawowa wani ba ya dawowa. Ka wanke shi, ka sa shi a rigarsa ta takarda tsakanin gilashi biyu masu kauri, ka ɗora littattafai, ka manta da shi wata ɗaya ko biyu a cikin ɗaki. Za a ce maka ka shanya a rana cikin gilashin, kada ka yi, na ga waɗanda suka yi faifan ya miƙe amma layukan sun narke muryar ta koma kamar ana magana a cikin tulu. Kuma in kana ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle ka daina yau, nauyin da ake so wajen giram biyu ne a yawancinsu, kwabon nan noma yake yi a cikin faifai.

Maganar sayarwa ba zan sa baki ba, kai ka san gidanka.

Ɗan Kwari:

Malam ni dai gaskiya ɗaya ce, ka sayar. Ba wai ban san daɗin abin ba, nima na taso ina jin su a gidanmu, amma haya ba ta jira kuma mai makaranta ba ya karɓar faifai. Kai da bakinka ka ce bakwai sun lalace a bazara ɗaya, toh in ka riƙe su shekara biyar nawa za su rage? Kaya in ya samu mai so a lokacin da kake da buƙata rabonka ne ya zo. Arba'in cikin 214 ai ba a taɓa ka ba, ka ware na mahaifinka ka ba shi sauran ya zaɓa, ka biya haya ka sa silin ko na kwali ne a shagon da canjin. Waƙoƙin nan da yawansu suna YouTube.

Umman Yara, Zariya:

Yayana wannan rubutu naka ya sa ni hawaye wallahi. Babanmu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana da su cike da kabad, ranar Lahadi da hantsi yake fito da na'urar tsakar gida ya goge ta da ƙyalle ya sa, mu kuma an hana mu ko matsowa kusa. Da ya rasu muna yara babu wanda ya san darajarsu, ƙannena suka riƙa wulla su sama suna wasan faranti, wasu aka rufe tulu da su, ragowar aka ba mai gwangwan aka karɓi bokitin roba. Yanzu akwai wata waƙa da yake yawan sawa ta wata mata mai kiɗan ƙwarya, na neme ta a intanet har na gaji, na tambayi tsofaffi na rera musu abin da na tuna sun ce sun santa amma babu mai ita. Shi ya sa ban yarda da maganar Ɗan Kwari ba cewa komai yana YouTube, ka yi haƙuri ɗan'uwa, manyan ne suke can irin su Shata, shi ma ba duka ba, ƙananan mawaƙan da suka yi faifai ɗaya ko biyu suka koma ƙauyensu fa? Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya 2015, waɗanda ba su kai su suna ba ko ranar rasuwarsu ba a rubuta ba, wataƙila abin da ya rage na muryarsu a duniya yana cikin akwatin nan naka.

Ni ɗinki nake yi, na san yadda ake ji in wata ya zo ƙarshe babu aiki, don haka ba zan ce maka kada ka sayar ba. Amma dan Allah duk wanda zai fita daga hannunka ka fara ɗaukar sautinsa a kwamfuta ko a waya, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya da takardar tsakiya. Sannan maganar maiɗakinka, shirun nan nata ba wai ba ta da ta cewa ba ne, kunyar ka take ji saboda ta san kayan mahaifinka ne. Ka zaunar da ita ka faɗa mata nawa aka taya da abin da kake tsoro, tunda ma gidan za ka kai su ita za ta zauna da su ta hana yara taɓawa, gara ta shigo cikin maganar tun yanzu.

Badamagare, Zinder:

Sannu malam mai zane, gaisuwa daga Damagaram. Ni abin da zan ƙara shi ne kada ka bar mai saye ya zaɓa kai ba ka san me kake da shi ba. Mutumin da zai taso daga Legas har Kano saboda hoto ɗaya ya ga wani abu a hoton nan, kuma kuɗin arba'in ɗin da ya faɗa maka zai iya yiwuwa faifai biyu ko uku ne suka ɗauke shi sauran rakiya ce. Fayafayan Najeriya na shekarun 1970 masu tambarin EMI da Decca da Afrodisia da Tabansi ana neman su sosai a Turai da Amurka da Japan, musamman bugun farko da kwalinsa lafiya.

Akwai shafi sunansa Discogs, ka shiga ka rubuta lambar da take jikin takardar tsakiya ko gefen kwali, zai nuna maka wane bugu ne da nawa aka sha sayar da shi. Ka karkata faifan a haske wajen da layuka suka ƙare kusa da takarda za ka ga wasu lambobi da aka kankara da hannu, su ma suna bambance bugun farko da na baya. Amma kada ka ga babban farashi ranka ya tashi, wancan na mai tsabta ne, wanda ya sha kwabo da ƙura ba ya kai rabin haka. Wanda kuma ka nema ba ka samu a shafin ba kwata-kwata, yawanci na Hausa ne za ka ga haka, toh wannan ka riƙe shi da kyau.

Mu nan Nijar mun ga misali. Mamman Sani mai kiɗan ogan ya yi kaset a 1978 kwafi kaɗan, mu muna jin kiɗan a rediyo da talabijin tsakanin shirye-shirye ba mu ɗauke shi komai ba, sai a 2013 wani kamfani na Amurka Sahel Sounds ya sake buga shi a faifai, daga nan har Turai aka riƙa gayyatarsa wasa. Da babu wanda ya adana kaset ɗin fa? Ni dai in ni ne zan sayar masa da na Amurka da na Indiya waɗanda an buga su da yawa ana samun su ko'ina, da duk wanda nake da shi biyu, in ya ƙi ya ce sai na gida toh ka san abin da ya kawo shi.

Kuma tunda kai mai zane ne ka taɓa tunanin zana mawaƙan nan da hannunka a allo ƙanana ka sayar? Masu son faifai su ne masu son irin wannan.

Mai Burushi, Kano:

Jama'a na gode Allah ya saka da alheri, na karanta kowanne sau biyu. Baba mai rediyo wallahi kamar kana shagon, kwance suke kuma kwabon ma ina ɗorawa, tsohuwar naira ɗaya ce na ɗaure da salatif tun shekara uku, na cire ta jiya da daddare. Na kai wa kafintan layinmu awo, zai yi min akwaku biyu ni kuma na rubuta masa allon shagonsa, mun yi musaya babu kuɗi. Na duba kuma akwai 78 guda huɗu a na babana, ɗaya da tsaga a gefe, ashe shi ya sa in na sa su a 33 nake jin murya kamar ta mai barci na ɗauka lalacewa suka yi.

Anti Umman Yara na yi maganar da maiɗakina bayan isha. Abin da ta ce min shi ne ita ba sayarwar ce ta dame ta ba, ganin ina tashi tsakar dare ina lissafi a bayan kwalin fenti ne ya dame ta. Ta ce a kawo su ɗakinta ƙarƙashin taga ta arewa inda rana ba ta shiga, amma na babana ko mutum zai ba da mota kada na bayar. In kin tuna ko baiti ɗaya na waƙar mai ƙwaryar nan ki rubuto, ina da ƙanana masu gudun 45 na mata guda shida da kwalinsu ya ɓace, zan saurara na gani ko tana ciki.

Ɗan Kwari maganarka ma ban yar ba, hayar nan gaskiya ce. Na ware 31 na waje da waɗanda nake da su bibbiyu na tura wa mutumin hotonsu, ya amsa da cewa zai duba, sai kuma ya sake tambayar wasu guda uku na gida da ban sa a ciki ba, kamar yadda Badamagare ya faɗa. Na ce masa waɗannan ba na sayarwa ba ne. Yarona babba yana taya ni shiga Discogs ɗin da daddare, mun yi wajen sittin zuwa yanzu.

Baba tambaya biyu ta rage. Ina da ragowar yankin bana da yawa a shago, zan iya yanka su na yi wa marasa kwali riga? Sannan wata na'urar da na saya wajen 'yan gwanjo tana jan waƙa a hankali ko da na sa ta daidai a 33, na canja bel ɗin da yake juya faifan amma bai daina ba.

Tsohon Mai Gyaran Rediyo, Kaduna:

Kada ka sa su a bana ɗana, ita ma roba ce mai laushi, in zafi ya yi tana fitar da wani maiƙo da yake kama fuskar faifai ya yi masa hazo, sai ka ji shuuu a ƙarƙashin waƙa kuma ba ya wankuwa. Ka sayi farar takarda mai kauri wajen masu buga littattafai ka ninke ka manna gefe biyu, gam ɗin yana waje, ka huda tsakiya don ka riƙa ganin suna. Kwalin waje kuma ai kai ne mai zane, ka yi musu da hannunka.

Na'urar kuma juya bayanta ka karanta ƙaramin farantin da ke kusa da waya. In ka ga an rubuta 120V 60Hz toh ta Amurka ce, wutarsu 60 take bugawa tamu 50, irin motar na'ura da ke bin bugun wuta dole ta yi jinkiri a nan ko ka sa mata taransifoma, shi ƙarfin wuta kawai yake ragewa ba ya canja bugu. Maganinta a canja ɗan ƙarfen kan motar inda bel yake zagayawa a sa mai ɗan kauri, mai injin gyaran ƙarfe zai iya fiƙe maka in ka kai masa tsohon, sabon ya fi shi kauri da kashi ɗaya cikin biyar. In kuma 50Hz ɗin aka rubuta toh man da ke cikin sandar tsakiya ne ya daskare, ka ɗaga farantin da faifai yake zama a kai ka goge tsohon ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu. Kuma kada ka gwada ta da ƙaramin janareto, gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ka jira a kawo wuta. Ka turo min hoton farantin bayan nata na gani.